Masu Rarrashi na Lakar Zanguma

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗora mata dabbobi, ya kuma zaɓi wata dabbar ya ɗora mata gari. Ku gyara zama, ku ba ni aron kunne. Ni ce Yalwa 'yar Nomau, kuma gara ku ji labarin nan daga bakina, don duk wanda ya ba ku shi in ba ni ba, sai ya rage mini rabona.

An haife ni a Birnin Doro, garin da ke kan bayan Zanguma. Zanguma dabba ce, amma in ka tsaya a gindin wuyanta ba ka hango wutsiyarta sai ranar da sama ta washe sosai. Ƙasa ta taru a kanta tun zamanin da ba a tunawa, kakanninmu suka yi gonaki da kasuwa da maƙabarta. Tana tafiya a hankali daga wannan tafki zuwa wancan, mu kuma muna tafe da ita. Ƙasar da take takawa ba wanda ya san ta sai wanda aka sauke. Saukewa ita ce hukunci mafi girma a wurinmu: a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, a zurara shi har ƙasa, a janye igiyar, gari ya wuce ya bar shi.

Mahaifina shi ne Sarkin Shafa. In ƙaya ta soki Zanguma ko wani abu ya cije ta, sai ta girgiza, in kuwa ta girgiza tukwane sun shiga uku. Sai masu shafa su ruga inda fatarta take a buɗe kusa da ciwon, su yi ta shafawa da tafin hannu har ta lafa. Ba wanda ya san dalili. Mun gada, muna yi, yana ci.

Ni kuma abin da na gada, ban san daga wa ba, shi ne maƙogwaro. Duk sautin da na ji sau ɗaya ya zama nawa. Na taɓa sa mai tallan fura ta zagaye unguwarmu tana neman wanda ya kira ta. Na taɓa yi wa 'yan awakin maƙwabta kukan uwarsu, suka biyo ni har cikin ɗakin amarya. An dake ni a kan haka, ba laifi, amma masu dukan ma dariya suke ƙunshewa.

To, da damina aradu ta faɗi a kafaɗar hagu ta Zanguma, ta ƙone fata faɗin gona. Ciwon ya warke, har ciyawa ta tsiro a gefensa, amma dabbar ba ta koma daidai ba. Yayyafi ya sauka, ta girgiza. Yara suka yi tsere a wajen, ta girgiza. Ranar da Baba ya ɗora hannu don ya lallashe ta, ta yi girgizar da ta rushe rumbuna, ta kayar da katangar kasuwa, ta karya wa wata tsohuwa ƙugu.

Magajin Doro, Shekarau, ya tara jama'a ya kira Baba.

"Nomau, hannunka ne ya lalace, ko wani abu ka yi mata?"

"Ranka ya daɗe, hannun dai shi ne wanda ka sani."

"To, za mu gani. In mun isa tafki na gaba za ka shafa ta a gaban kowa. Ta lafa, ka zauna da mu. Ta girgiza, igiya."

Muka koma gida, Baba ya zauna a zaure yana kallon tafin hannunsa kamar na aro ne. Na zauna kusa da shi.

"Baba, in shafa ta bar hannunka, ina take zuwa?"

"Ciki."

"Wa ya taɓa bin ta ya gani?"

"Mai hankali dai bai taɓa ba."

"Ashe ni ake jira."

Bai ko ɗago ba, ya ɗauka surutuna ne na kullum. Da gari ya waye na ƙulle ƙuli-ƙuli a bakin zane, na cika gora da ruwa, na nufi kafaɗar hagu.

A tsakiyar tabon akwai wata tsaga da ba ta gama haɗewa ba, mutum zai iya shiga a karkace. Sai dai kaska sun kewaye ta, kowace ta kai girman rumbu, suna ta motsa baki. Abu ɗaya kaska ke tsoro a duniya, shi ne carki, tsuntsun nan mai cinsu. Na laɓe bayan wani kututture na yi kukan carki ɗaya, sannan na biyu daga can gefe, sannan na yi na garke guda suna rigimar wa zai fara ci. Kowace kaska ta cusa kai cikin fata ta yi lamo. Na ratsa tsakaninsu ina yauƙi, har na ɗan dangwari ɗaya a ƙeya don in ji yadda take.

Ciki akwai ɗumi, da wani jan haske irin na rana in ta bi ta cikin zane. Can nesa wata ganga na bugawa ba ta tsayawa, komai na wurin da ita yake motsi. Ban yi nisa ba wasu fararen dogarai suka tare ni. Ba su da fuska, ba su da ƙashi, aikinsu haɗiye duk baƙon da suka tarar. Ɗaya ya shanye mini ƙafa har gwiwa. Sai na kumbura kumatu na kwaikwayi gangar nan, amma da sauri, irin bugun da take yi in an firgita. Suka zaci yaƙi ya ɓarke a wani wurin, suka kwashe gaba ɗaya. Nawa ya tofar da ƙafata, amma ya tafi da takalmin.

Daga nan na iske hanyoyi biyu a jere, duk sun nufi wuri ɗaya. Ɗaya faffaɗa ce, fara, mai santsi, manzanni masu fararen kaya suna sulalawa a kanta kamar walƙiya, suna faɗin saƙonsu: iska ta taɓa, ciyawa ta goga, tsuntsu ya sauka. Ɗayar 'yar siririyar turba ce, ta manzanni masu jajayen kaya, waɗanda ke tafe a ƙasa ɗauke da garwashi a kasko. Su ne masu kai labarin zafi. Na lura da abu guda: turbar tasu kusan fayau take. Sai can ka ga ɗaya ya wuce da ɗan garwashin da bai kai na kunna taba ba. Na ce a raina, to in babu mai kawo wuta, me ke ƙona Zanguma?

Na bi su har Laka. Birni ne dogo a cikin kogon ƙashin baya, ƙofa bayan ƙofa har iyakar gani, kowace ƙofa da sashen jikin da take karɓar labarinsa. Ban sha wahalar gane ta kafaɗa da ƙafar hagu ba, don tun daga nesa ake jin ihu. Wani ƙaton mutum ne tsaye a kan dakali, ya kafa baki a wani dogon bututu da ya miƙe sama zuwa Kai, yana kwarara shela: "Wuta a kafaɗa, wuta a kafaɗa." Kewaye da dakalin an shimfiɗa tabarmi, duk babu kowa a kai sai wata tsohuwa guda.

Na tsaya na saurara, sai na ji dariya ta taso mini. Ni fa ba a yi mini kwaikwayo. Shelar nan tsohuwa ce. Duk sa'ad da ya yi ta, a wuri ɗaya muryar ke karyewa, a wuri ɗaya yake jan numfashi. Ranar aradu ya yi ta da gaske, tun daga nan kwaikwayon kansa yake.

Na durƙusa na gai da tsohuwar. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi magana da murya kamar ana jan kara a kan yashi.

"Ke kuma daga ina, 'yar nan, da takalmi ɗaya?"

"Daga sama, Iya. Wancan mai bakin, me ya same shi?"

"Cindo? Aikinsa yake yi. Mu ne muka gaza namu."

Sunanta Iya Dudu, ita ce babbar masu rarrashi na wannan ƙofa. Ta ce Cindo ba ya tantancewa, duk wanda ya iso gabansa, shela zai yi. Su ne ke zaune kewaye da shi suna rera masa wani sauti a kunne, wanda ke sanyaya masa jiki. Muddin suna yi, ƙaramin garwashi ba ya sa shi buɗe baki, sai babba.

"Kuma masu fararen kayan nan," in ji ta, "in za su wuce sukan zungure mu, mu kuma mu ƙara murya. In naku na sama suka yi ta shafa, sai su yi ta wucewa, mu yi ta ƙarawa, Cindo ya yi laƙwas."

"Ashe gidanmu ku muke yi wa aike."

"Da kun zaci hannunku ne ke da albarka?"

"Har yanzu ma haka za mu riƙa faɗa a gari, Iya."

Ta so yin dariya, tari ya hana ta. Ta nuna mini wata 'yar ƙofa a jikin bangon da ya raba farar hanya da dakalin Cindo. A buɗe take, masu fararen kaya na ta faɗowa ta ciki bisa kuskure, shi kuwa da ya ga inuwar mutum sai ya kwarara.

"Da can wannan a rufe take kullum. Ɗayarmu, Hakama, ita ke jingina da ita. Bayan aradu garwashi ya yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa, muka yi ta rerawa har maƙogwaro ya tsage. Ɗaya bayan ɗaya suka kwanta. Hakama ta tashi, ƙofa ta buɗe. Yanzu ko gashin tsuntsu ne ya taɓa kafaɗar, a Kai wuta ake ji."

"To, me zai hana a cusa masa tsumma a baki a huta?"

Ta harare ni. "An yi haka a ƙofar wutsiya zamanin uwata. Ƙaya ta shiga, ba wanda ya sani, sai da rabin wutsiyar ya ruɓe. Ba hana shi magana ne aikinmu ba, yarinya."

Na ba ta labarin Baba da igiya. Ta ce 'yan'uwanta za su warke in sun samu hutu, amma ihun ba ya bari, ita kaɗai kuma ba ta isa ba.

"Ku nawa ne?"

"Tabarmin nan duka."

"Ki kai ni in ji su."

Ta kai ni wani ɗaki inda suke kwance, ana ɗiga musu raɓar da ke gangarowa daga Kai. Na bi su ɗaya ɗaya ina roƙo kowace ta yi mini ko da guntun sautinta. Iri biyu ne. Akwai dogo, wanda ake ja daga ƙirji, shi ke saukar da Cindo a hankali. Akwai gajere, wanda ake yi da harshe, shi ke tsinke masa magana a tsakiya. Kowace da salonta. Daga ɗan abin da suka iya fitarwa na haɗa sauran, na mayar musu. Da na zo kan Hakama, wadda ke yin nata ta hanci, ɗakin ya kaure da dariyar marasa murya.

Hakama ta ɗaga kai. "Ni ba haka nake yi ba."

"Wallahi haka kike," in ji ta kusa da ita. "Har ta ɗan gyara miki."

Na fito, na tura 'yar ƙofar nan da ƙarfi, na zauna na jingina da ita. Na fara da muryar Iya Dudu, na ɗora ta Hakama, na riƙa jefa sauran ta nan da can yadda Cindo zai zaci tabarmin sun cika. Ban taɓa wahalar da maƙogwarona haka ba, ban kuma taɓa jin daɗinsa haka ba. Shelar ta fara jinkiri, ta koma gunaguni. Can sai ƙaton nan ya cire baki daga bututu, ya zauna a bakin dakali, ya dube ni da jajayen idanu.

"Su Hakama sun dawo?"

Na miƙa masa gorana da ƙafa, don bakina na kan aiki. Ya shanye tas.

"Tun damina ban zauna ba," in ji shi.

Haka na riƙe ƙofar. In na gaji Iya Dudu ta karɓe ni da ɗan abin da ya rage mata, in tauna ƙuli-ƙuli, in koma. Ƙasa ta daina rawa a ƙarƙashinmu. Daga ɗakin majinyata na fara jin ana gwada murya.

Sannan tafiyar Zanguma ta canza, ta rage sauri, ƙamshin ruwa ya shigo har Laka. Mun iso tafki. Ba a jima ba masu fararen kaya suka fara zuwa a jere, sahu bayan sahu, a natse, ba irin tarkacen iska da ciyawa ba. Ba sai an gaya mini ba, hannun Baba ne. Yana can sama a gaban jama'a, ga ni nan ina karɓar shafarsa. Kowane sahu ya zungure ni, ni kuma na ƙara murya. Cindo har gyangyaɗi yake.

Ana cikin haka na hango wani mai jan kaya a kan siririyar turba, yana ɗingishi, kaskonsa ya yi fari don zafi. Ya iso gaban dakali ya ce ƙafar hagu ta gaba ta burma cikin ɓawon ƙasa a bakin tafki, ƙarƙashinsa taɓo ne mai tafasa. Cindo bai ko motsa ba. Rarrashina ya yi masa yawa.

Iya Dudu ta ce, "Wannan ta gaskiya ce."

Na sani. Ko ba ta faɗa ba, zafin kaskon ya iso fuskata. In na ci gaba da rerawa, Baba ya ci gwaji, amma ƙafar za ta dahu, Zanguma ta durƙushe, Birnin Doro ya zube cikin tafki da Baban a ciki. In na yi shiru, Cindo zai farka ya koma tsohuwar shelarsa, dabba ta girgiza, a zurara Baba. Na dubi Iya Dudu, ta kawar da kai. Aikin na mai murya ne, mai murya kuwa ni ce.

Na saki dogon sautin, amma ban ɗaga bayana daga ƙofa ba. Cindo ya zabura, ya ga kaskon, ya kafa baki a bututu: "Zafi a ƙafar hagu!" Wannan sabuwa ce, ba karyewar murya, ba komai. Kafin ma Kai ta amsa, wasu masu jan jijiyar ƙafar, da ke nan kusa, sun ji, sun ja. Muka ji an fizge ƙafar sama.

Sai na ga ƙirjin Cindo ya sake cika, bakinsa ya ɗauki siffar da na sani. Na riga na haddace inda yake jan numfashi kafin tsohuwar shelar. Daidai nan na sakar masa gajeren sautin, da muryoyinsu duka a haɗe. Maganar ta tsinke masa a baki. Ya sake gwadawa, na sake tsinkewa. Sannan na mayar da dogon a hankali, ina bin sahun Baba, wanda har yanzu bai daina zuwa ba. Laka ta karkata kaɗan, kamar ƙwarya a kan mai tafiya, ta dawo daidai. Zanguma ta ja da baya, ta tsaya cik.

Abin da ban sani ba shi ne yadda mutanen sama suka ɗauki wannan karkatar. Na so in tashi in ruga, amma in na tashi ƙofa za ta buɗe. Na zauna ina rerawa, hawaye na bin kumatuna, ban kuma yi kuskuren sauti ko ɗaya ba. Ina nan har na ji an taɓa mini kafaɗa. Hakama ce, da wasu a bayanta suna gyara tabarmi.

"Tashi mini daga wurina," in ji ta, ta hanci.

Na yi sallama da Iya Dudu. Ta ce ƙofarsu a buɗe take gare ni duk ranar da wata ta yi mura. Na bi farar hanya na koma, na fita ta tsagar, kaska ma ba su tanka mini ba.

A bakin tabon na iske jama'a ba su watse ba. Baba na zaune a ƙasa, igiya a yashe kusa da shi, shatinta na nan a rigarsa. Aka ba ni labari: da dabbar ta motsa, an ɗaura masa igiyar, har an fara jan sa zuwa gefe, shi kuwa ya ƙi ɗauke hannu daga fatar. Sai wani ya hango tururi na tashi daga sawun ƙafar, taɓo na tafasa a ciki. Suka duba, ga Zanguma tsaye lafiya lau ƙarƙashin hannun Nomau, ko tukunya ɗaya ba ta fashe ba. Magaji Shekarau da kansa ya kwance ƙullin.

Baba ya dube ni, ya dubi ƙafata marar takalmi.

"Ina kika shiga?"

Muryata ta dishe, sai da na matsa kusa da kunnensa. "Inda shafarka take zuwa."

Ya ce, "Tana isa?"

"Tana isa. Amma Baba, hannunka na hagu ya fi na dama nauyi. Sahunsa a gurguje yake shigowa. Ka ɗan sassauta."

"Ke, tun ba a haifi uwarki ba nake wannan aiki."

"Ni kuma daga ciki na ji shi."

Ya yi tsaki ya juya mini baya. Na tsaya ina kallo. Ya ɗora hannun hagu a kan fatar, ya shafa, ya dakata, ya sake shafawa a hankali fiye da na farko. Bai waiwayo ba ya ce, "Haka?"

"Haka, Sarkin Shafa."

Nan labarin ya sauke kayansa. Wanda ya ji, ya kai wa wanda bai ji ba, amma ya faɗi sunana daidai.